Wai mene ne wiki, kuma ya malami zai yi aiki da shi a aji mai cunkoso?

Malamar_SS2:
Assalamu alaikum 'yan uwa malamai. Dan Allah ina neman ƙarin haske. Ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandaren 'yan mata, satin da ya wuce an kai mu bita aka yi ta nanata mana wai mu riƙa amfani da wiki wajen koyarwa, to ni dai Wikipedia kawai na sani, kuma ita ɗin ce ma damuwata domin in na ba yara jinga sai su kwafo min shafi sukutum har da 'yan lambobin nan na cikin baka ba su goge ba. Shin wiki da Wikipedia abu ɗaya ne? Kuma yarana sun haura 70, kwamfutocin da ke aiki ba su kai 10 ba, wuta kuma sai a hankali. Wanda ya taɓa gwadawa ya taimaka min.

MalaminKwamfuta:
Wa alaikumus salam Malama. Ba ɗaya ba ne, Wikipedia guda ce cikin wiki masu yawa, ita ce dai ta fi suna. Wiki shafi ne na intanet da mutane da yawa za su iya rubutu a kansa, su gyara na juna, kuma duk gyaran da aka yi yana nan a ajiye. Wani Ba'amurke Ward Cunningham ne ya fara shi a 1995, ya sa masa suna WikiWikiWeb, kalmar daga harshen mutanen Hawaii ta fito, ma'anarta maza-maza, a jikin motar bas ta filin jirgin Honolulu ya tsince ta. Ita Wikipedia sai 15 ga Janairu 2001 Jimmy Wales da Larry Sanger suka buɗe ta.

Abin da nake so ki riƙe shi ne maɓallin tarihi. Duk wiki yana da shi. Kin san yadda aikin rukuni yake a wurinmu, yara 8 a takarda amma mutum ɗaya ce ta yi aikin sauran suka rubuta suna. To a wiki wannan ba ya ɓoyuwa, kina danna tarihi za ki ga wace ce ta rubuta wane layi, wace rana, ƙarfe nawa, wace ce ta goge na wata, kuma in an ɓata abu dannawa ɗaya ya dawo yadda yake. Wadda ta zubo sakin layi biyar na Turanci mai santsi a minti ɗaya kin san kwafi ne ba sai an gaya miki ba.

Misali a darasinki, ki buɗe shafi ɗaya na Tafkin Chadi. Rukuni ɗaya su ɗauki kogin Shari da Logone da ke kawo mafi yawan ruwan, wasu su bi kogin Haɗejia da Jama'are har su zama Komadugu Yobe, wasu masunta da manoma da makiyayan bakin tafkin, sai su riƙa haɗa shafukan da mahaɗi. Sati na biyu ki ce kowane rukuni ya shiga shafin wani ya gyara, ya kuma faɗi dalilin gyaran.

Abban_Yara:
Malam ya yi bayani mai kyau, amma Malama dan Allah kar ki kai su Wikipedia kai tsaye tukuna. Ni na yi haka, na sa ɗalibaina su rubuta tarihin garinmu, yaran nan sun je har wurin dattawa sun sha wahala wallahi, kwana biyu aka goge rubutun saboda babu madogara, ranar har wani ya yi hawaye kuma abin ya daɗe yana damuna. Wikipedia ba ta karɓar binciken da mutum ya yi da kansa, sai abin da aka riga aka buga a littafi ko jarida ko mujalla. Labarin da kaka ta bayar komai ingancinsa ba ya shiga.

A wikin aji kuwa ke ce mai doka, labarin kaka ya shiga, a rubuta wa ya faɗa kuma yaushe. In makaranta tana da Moodle, manhajar gudanar da darussa ta intanet, akwai wiki a ciki, in babu akwai manhajojin kafa wiki irin su DokuWiki ko MediaWiki wadda Wikipedia kanta ke kai, duk kyauta ne. Sai sun ƙware tukuna ki zaɓi 'yan kaɗan su gwada Wikipedia ta Hausa, ha.wikipedia.org, can ana buƙatar hannu sosai musamman a fannin kimiyya da labarin ƙasa, su fara a shafin gwaji. Kuma tunda 'yan mata ne kar su sa sunansu na gaskiya ko hotonsu, sannan ki sanar da firinsifal da iyaye.

Mushe_Damagaram:
Gaisuwa daga Nijar. Maganar rashin kuran, wato wutar lantarki, da intanet mu ma ita ce tamu a lakwal. Akwai Kiwix, manhaja ce da kike sauke Wikipedia sau ɗaya a kwamfuta ko salula, daga nan a yi ta karatu ba data, akwai ta Faransanci da Turanci da Larabci har ta Hausa. Karatu kawai ake yi a ciki, ba a gyara. Shi DokuWiki kuma yana zama a kan kwamfuta ɗaya, a haɗa sauran da ƙaramar na'urar Wi-Fi ko babu intanet.

Ni ma ba da na'ura na fara ba. Babban kwali na manna a bango, kowane rukuni da kalar bironsa, dokar ita ce ba a kankare rubutun wani, a ja masa layi ɗaya a rubuta gyara a gefe da dalili da shafin littafin da aka samo. Wata guda muka yi a haka, da muka hau kwamfuta yaran sun riga sun saba da tambayar juna a ina ka samo wannan.

Malamar_SS2:
Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Dabarar kwalin nan zan fara da ita ranar Litinin insha Allah tunda ba ta buƙatar komai sai biro. Saura tambaya ɗaya Malam, ya zan ba da maki? Ina tsoron su yi ta cika shafi da surutu don tarihi ya nuna sunansu da yawa.

MalaminKwamfuta:
Za su yi kuwa in suka ga yawa kike ƙirgawa, don haka ki gaya musu tun ranar farko ba shi kike dubawa ba. Ni kashi uku nake yi, abin da ɗalibi ya rubuta da kalmominsa, madogarar da ya kawo, sai gyaran da ya yi wa wani tare da dalili, kuma na ukun nan na fi ba shi nauyi. Kowace yarinya ta samu akawun nata ko da su biyar ne a kwamfuta ɗaya, ta fita kafin wata ta shiga, in ba haka ba tarihin zai nuna miki suna ɗaya ne kawai. A kwalin kuma kowa ta sa lambarta ta rijista kusa da gyaranta.