Wai titi ne ya ƙarar da ungulu a Kaduna?

Baban Khalifa: Jama'a ni fa ina nan kan bakana, manyan titunan nan su suka ƙarar mana da tsuntsaye. Ku bi hanyar Kaduna zuwa Abuja da asuba ku ga mujiya da yautai a murƙushe kan kwalta, shi yautai da dare a titi yake kwanciya, fitila ta haske masa ido ya kasa tashi. Ungulu ma ta sauka cin mushen da mota ta buge, tirela ta zo ta haɗa da ita.

Maman Ilham: Yaya, ta yautai na yarda, amma ta ungulu a'a wallahi. Da a mahautar Tudun Wada ai korar su ake yi, yanzu ko ɗaya ba ka gani, wace tirela ce ta bi ta can? Mutane ne suke sa mata guba a nama su sayar wa masu tsibbu kai da ƙafafu. Tun 2015 ƙungiyar IUCN mai kare halittu ta duniya ta sa ta cikin masu dab da ƙarewa, kuma ƙwai ɗaya tal take yi, in ka kashe uwa ka kashe gida guda.

Malam Garba: Ku duka kun tsaya kan gawa, ku tuna da ƙara. A jihar Idaho ta Amurka masu bincike sun jera lasifika a dajin da ba titi, suna sakin ƙarar motoci kawai, tsuntsayen wurin suka ragu da sama da kashi ɗaya cikin huɗu. Da kuka suke neman juna, da kunne suke jin abokin gaba na tafe, to in ƙarar motoci ta toshe wannan ai dole su yi ƙaura.

Baban Khalifa: Yauwa Malam, ai maganata kenan!

Maman Ilham: Haba yaya, ƙananan tsuntsayen daji yake nufi fa, ungulu da ta saba da hayaniyar kasuwa ƙara ba ta korar ta.

Ɗan Kagoro: Ni abin da ke ci min rai shi ne abin da titi ke jawowa bayansa, da zarar mota ta iya shiga daji sai masu gawayi da masu yankan katako su biyo, manyan itatuwan da ungulu ke sheƙa a kai su ake fara sarewa, mu nan wajen dajin Kagoro da Nindam da idonmu muke gani.

Malam Garba: Shi ya sa ƙidaya ta zama dole. Cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke dajin Amurum kusa da Jos tana tattara taswirar tsuntsayen Najeriya, an yanka ƙasar murabba'i murabba'i, ɗan sa kai ya zaga nasa ya rubuta duk abin da ya gani a waya. Ni dai zan ɗauki gefen Rigachikun ranar Asabar, Baban Khalifa tunda kullum kana hanyar Abuja kai ka riƙa rubuta mana na kan kwalta da wurin da ka gan su.