Gida ya sha sabon fenti a Hayin Dogo: me mai duba gini zai gano mini kafin in biya?

Baban Yara:

Assalamu alaikum jama'a. Shekarata 14 ina haya a Samaru da ke Zariya, yanzu Allah ya hore na haɗa ɗan abin da zan sayi nawa. Ranar Asabar dillali ya kai ni wani gida a Hayin Dogo: ɗaki uku, falo, kicin, rijiya a tsakar gida, da shago ɗaya a waje. Gidan ya kwanta mini a rai, uwargida kuwa tun daga ƙofa ta fara rabon ɗakuna.

Abu biyu ne suka tsaya mini. Fenti sabo fil, warinsa ma bai gama fita ba, amma daga ƙasa zuwa kamar gwiwa an zagaye gidan da wani baƙin fenti mai sheƙi. Sannan a ɗakin ƙurya akwai tsaga da ta taso daga kusurwar taga ta yi sama a karkace, an cike ta da siminti. Dillali ya ce, "Ai fulasta ce kawai, Malam." Wai kuma akwai wani Alhaji daga Kaduna da zai zo da kuɗi ranar Juma'a, in ina so in ajiye kafin alƙalami.

Abokin aikina ya ce in ɗauki injiniya ya duba. Ni ban taɓa ganin an yi ba. Me zai duba, kuma zai ba ni takarda ne? In ya ce lafiya, shi ke nan in biya?

Tsohon Birkila:

Wa alaikumus salam. Malam, wannan Alhajin Kaduna ya daɗe yana tahowa. Tun ina yaron magini nake jin yana hanya, har yau bai wuce Kwangila ba. Kada ka ba da ko sisi tukuna.

Ka yi sa'a muna cikin Agusta, lokacin da gida ba ya iya ɓoye sirrinsa. Ka jira a yi ruwa mai ƙarfi, yana ɗaukewa ka hau babur ka tafi, kada ka gaya wa dillali. Tsaya a bakin layi ka ga ina ruwan unguwa yake bi. In titi ya fi daɓen gidan tudu, ko ka ga an yi wa ƙofa ɗan dakali na bulo ɗaya sai ka ɗaga ƙafa ka shiga, to ruwa ya saba kai ziyara.

Baƙin fentin nan na san shi. Idan ba a shimfiɗa leda ko an zuba kankare mai kyau a kan fandisho ba, bulo yana tsotsar danshi daga ƙasa kamar lagwani. Sai fenti ya kumbura, wani farin gari kamar kanwa ya fito, fulasta ta riƙa zuba. Mai sayarwa ya kankare, ya shafa mai sheƙi, shi ke nan har ka tare. Ba kowane mai baƙin gindi ne mai ciwo ba, wasu don dattin feshin ruwa suke yi. Amma ka shiga ciki ka ɗora tafin hannu a bango ta ƙasa, ka ɗora ta sama. In na ƙasa ya fi sanyi, ka ja kujera ko katifa ka sunsuna bayanta. Hanci ba ya karɓar la'ada.

Ka tafi da ƙusa mai inci huɗu. Ka nemi inda ba a yi fulasta ba, bayan gida ko katanga, ka karta bulo. In ya zubo kamar garin kwaki, yashi ne aka nuna wa siminti daga nesa. Mu buhu ɗaya bulo 30 zuwa 35 muke fitarwa na inci tara, amma na ga inda ake matse 50 har da ɗoriya.

Sai rufi. Ka sa yaro ya hau cikin silin da tocila da tsakar rana, ya kashe ta ya duba sama: duk inda haske ya ɓullo, ruwa ma nan yake bi. Ya soka sukundireba a katako. Gara tana cinye ciki ta bar maka ɓawo, ka ga katako tsaf, ka taɓa ya burma.

Injiniya Ɗan Gyallesu:

Baba ya gama rabin aikina, Allah ya ƙara lafiya. Bari in amsa abin da Malam ya tambaya.

Gida irin wannan yakan ci awa biyu zuwa uku. Ka kasance a wurin, kada ka tura ɗan aike, don abin da za a nuna maka da yatsa ya fi abin da za ka karanta. Ku yi ciniki tun farko cewa zai ba ka rahoto a rubuce da hotuna, ya raba abin da ke da haɗari da abin da gyara ne kawai, ya kuma ƙiyasta kuɗin gyaran. Da wannan takarda za ka koma teburin ciniki. Ka tambayi lambar rajistarsa ta COREN, wato hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, kuma kai za ka nemo shi ka biya shi, ba dillali ba. A Zariya ba a rasa su, ga jami'ar ABU ga kwalejin fasaha ta Nuhu Bamalli.

Tsagar nan ita ce ta fi damuna. Siririya kamar gashi da ta bazu a fulasta ba komai ba ce. Wadda ta taso daga kusurwar taga a karkace tana nufin ɗayan biyu: ko babu linta, wato kankaren da ake zubawa ya ɗauki nauyin bulo, a kan tagar, ko gefe ɗaya na ginin yana zaunawa. Na farko gyara ne mai sauƙi. Na biyu yana iya cin kuɗin da ya kusa na sabon ɗaki, musamman in an yi ginin a kan tsohon kududdufi ko bola da aka cike. Ka zagaya waje ka ga ko tsagar ta ratsa ta fito. Ka ga ko ta sake buɗewa a kan simintin da aka cike. In faɗinta ya kai milimita 5, wato kan biro yana shiga, ba maganar fulasta ba ce. Buɗe ƙofar ɗakin da tagar ka rufe: in suna cijewa, bango ya motsa.

Wuta kuma a buɗe soket biyu ko uku a gani. Wayar soket ta zama mai kauri lamba 2.5, ta ƙwan fitila 1.5, a kuma nemo inda aka kafa sandar da ke sauke wuta ƙasa. Gidaje da yawa babu ita sam.

Amma fa ka sani, ni ido ne da na'urar auna danshi, ba na gani har hanji. Ba zan fasa bangon mutum in ƙirga rodi ba, ba zan ga fandisho ba sai mai gida ya yarda an haƙa ɗan rami a gefe. Rahoton yana faɗin halin gidan a ranar da aka duba ne. Kuma ba ya cewa komai a kan wanda ya mallake shi.

Maman 'Yan Biyu:

Don Allah Malam ka bar uwargida ta yi nata binciken. Mu da muka sayi namu a Tudun Jukun, maigidana ya kai magini, ya kai mai wayarin, duk suka ce lafiya. A watan Satumba muka saya, rijiya cike har kana iya ɗiba da hannu. Kafin Maris ta ƙafe ƙaf, muka koma hannun 'yan garuwa har ruwa ya sauka. Ashe duk matan layin sun sani, ba wanda ya tambaye su ne.

Abin da ya fi ɓata mini rai, da damina ta dawo ruwan ya fara wari. Sokawen maƙwabcinmu yana manne da katangarmu, taku shida tsakaninsa da rijiyar. Ma'aikacin lafiya ya ce ko a ƙalla a samu mita 15, an fi son 30. To a filin da bai wuce ƙafa 50 bisa 50 ba ina za ka samo? Ka leƙa ta katanga ka ga ina shaddar maƙwabta take, ba taka kaɗai ba. Ka kuma karɓi lambar mita ka je ofishin wuta a duba ko akwai bashi a kanta.

Ɗan Birni:

Duk wannan jikin gida ne, saura takarda. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasar cikin gari tana hannun gwamna, kuma sayar da gida mai takardar mallaka yana buƙatar amincewarsa. Takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu tana da amfani, amma ba ita ce mallaka ba. Ka sa lauya ya bincika a KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Kaduna, sunan wa ke kan fayil, kuma ko an jinginar da gidan a banki. Ka tambayi takardar izinin gini ta KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar. Tunda Hayin Dogo ne, a auna tazararsa da layin dogon da ya nufi Gusau da Ƙauran Namoda. Jirgi ya daina wucewa ba ya nufin filin ya zama na kowa.

In gidan gado ne, ka ga takardar rabo daga kotu, kowane magaji ya sa hannu, har matan da ke aure a wani gari. In ba a raba ba, wanda ke da kaso a ciki yana da haƙƙin shuf'a, ya mayar maka da kuɗinka ya karɓi abin da aka sayar maka.

Baban Yara:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga yadda aka yi. An yi ruwa daren Talata, da asuba na je. Layin bai tara ruwa ba, alhamdu lillahi. Laraba na kai injiniya, ya yi kusan awa uku. Tsagar ba ta fito ta waje ba. Ya ɗan fasa fulasta da izinin mai gida, babu linta a kan tagar, bulo aka jera a kan firam. Danshi kuwa gaskiyar Baba ne, bango biyu na gabas sun jiƙe har kusan gwiwa. Katako huɗu a saman kicin gara ta gama da su.

Uwargida ta shiga maƙwabta da sunan neman ruwan alwala, ta fito da labarin cewa rijiyar ba ta ƙafewa, amma gidan na marayu ne su bakwai, kuma babbar yayarsu da ke aure a Funtuwa ba ta ma san an sa shi a kasuwa ba. Dillali bai taɓa ambata wannan ba. Na ce masa a kawo takardar kotu da sa hannunta, sannan mu zauna a cire kuɗin gyara daga farashi. Yau Asabar, Alhajin Kaduna bai iso ba. Baba, gyaran danshin nan, sai an sare gindin bangon ne ko akwai wata dabara?