Ɗana bai fara magana ba, an ce likita zai iya duba shi ta waya

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. A ɓoye sunana. Ɗana yana da shekara biyu da rabi, har yanzu ko "mama" bai iya ba. In na kira sunansa ba ya waigowa, ba ya nuna abu da yatsa, sai ya wuni yana jera murafun kwalba, ka taɓa ɗaya ya yi ta ihu. Surukata ta ce shafar aljanu ce, an yi rubutu an yi hayaƙi, shiru. Ƙanwata ta ce kamar galahanga ce (autism, matsalar magana da mu'amala), wai akwai likitocin da ke duba yara ta kiran bidiyo. Muna ƙauye, kuɗin mota zuwa Kano ba wasa ba ne. Wannan dubawar ta waya abin dogaro ce?

Anti Nas: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ana yi, ba yaudara ba ce. Galahanga ba a gano ta da gwajin jini, ɗabi'ar yaro ake kallo, shi ya sa bidiyo ke aiki. Jami'ar Vanderbilt ta Amurka ta tsara wata hanya, TELE-ASD-PEDS, don yara 'yan ƙasa da shekara 3, an yi amfani da ita sosai lokacin korona a 2020. Ke za ki yi wasa da shi, likita yana kallo yana ce miki kira sunansa, ɓoye abin wasan, miƙa masa. Amma akwai yaran da likitan zai ce sai ya gan su ido da ido. Kuma kafin komai a gwada kunnensa, don yaron da ba ya ji ma ba ya waigowa. Wannan kam waya ba ta yi, sai an je. Asibitin Malam Aminu Kano na da sashen kunne, Kaduna kuma akwai cibiyar kunne ta ƙasa.

Maman 'yan biyu: Tawa shawarar, kada ki dogara da sabis ɗin ƙauye. Ki riƙa ɗaukarsa bidiyo gajeru, yana cin abinci, yana cikin yara, kina kiransa ta baya. A gida ne yake nuna ainihin halinsa, nawa a asibiti kuka kawai yake yi.

Baban Yara: Hajiya a yi hattara. Duk wanda ya ce ki turo kuɗi ya aiko maganin da ke warkar da ita, ɗan damfara ne, babu irin wannan maganin. Horon magana da mu'amala ne ke taimakawa. Duk likitan da zai duba shi, ki nemi lambar rajistarsa ta hukumar likitoci, MDCN.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. To Anti, surukata fa? Ita ke da ta cewa a gidan.

Anti Nas: Kada ki yi musu da ita, addu'a ba ta hana asibiti. Ranar kiran ki zaunar da ita kusa da ke, likita zai so jin yadda mahaifinsa ya fara magana yana ƙarami, ita ce ta sani.