Firinta mai allura tana barin farin zare a tsakiyar rubutu

Assalamu alaikum. Ina sayar da siminti a Bauchi Road, Jos, kuma da firinta mai allura 9 nake buga rasit, saboda takardarmu falle 3 ce. Sai allura ta daki ta sama kafin rubutu ya sauka a ta ƙasa.

Mako 2 ke nan, kowane layi sai ya fito da siririn farin zare a kwance, ya ratsa tsakiyar haruffa daga farko har ƙarshe. Lambobi suka fi damuna: 8 tana fitowa kamar 0, jiya har wani kwastoma ya dawo da rasit muka yi ta gardama kan kuɗi.

Na sa sabon ribon, wato ƙyallen tawada. Na ciro kan firintar, wato inda alluran suke, na goge bakin alluran da sifirit, na hure ƙurar siminti. Na motsa sandar da ake saitawa daidai da kaurin takarda. Na zare wayar kwamfuta na sa ta buga gwajin kanta, zaren yana nan, har a kwafin ƙasa.

Don Allah, ta yaya zan gane ko allura ɗaya ce ta karye, ko faffaɗar wayar da ke kai wa kan wuta ce ta tsinke, kafin in sayi sabon kai?