Indiri ko Babakoto?

Malam Sani Mai Alli:
Ga kacici-kacici, mai amsa ya amsa da baiti.

Wace dabba ce a gabashin Madagaska,
Baƙi da fari, ga dara-daran idanu a fuska,
Jela ɗan guntu, tsalle a reshe sai ka ce iska,
Iyali su haɗa baki da waƙa in rana ta haska?

Hajiya Binta:
Malam, indiri ne, mai kwana a sama,
A dangin lemur, masu kama da biri, da shi ake gwada girma,
Kilo tara yakan kai, ganye yake ci ba nama,
Dajin Andasibe za ka in kana son jin muryarsa ma.

Ɗanjuma:
Hajiya, an ce sunan nan kuskure ne,
Sonnerat Bafaranshe, a dajin baƙo ne,
Ɗan jagora ya ce "indry", wato "ga shi can" ne,
Bature ya ɗau alƙalami, a zatonsa suna ne!

Malam Sani Mai Alli:
Ɗanjuma, sannu, ja linzami tukuna,
Labarin da daɗi, amma an yi masa gardama a wurin masana,
A bakin Malagasi, mutanen Madagaska, akwai kalmar "endrina",
Tsohon sunan dabbar ne, daga nan nake zaton an samo suna.
Sonnerat da ya siffanta ta a 1782, har da zane ya nuna,
Da wuya a ce ihun ɗan jagora ya ruɗe shi da rana.

Ɗanjuma:
Na ji, Malam. Amma nawa ya fi daɗin faɗi.

Hajiya Binta:
Ku bar Bature, ku tambayi masu daji,
Babakoto suke cewa, "uban Koto", ka ji,
Koto yaro ne, ya hau ɗibar zuma, ƙudan suka yi masa ji-ji,
Dabbar ta goyo shi ta sauko, haka tatsuniyar ta zo, na ji.
Shi ya sa ƙabilar Betsimisaraka ke kiran kashe ta "fady", haram,
Sai dai gatari bai san fady ba, ana ƙone daji don shinkafa,
Uwa sai shekara 2 ko 3 take haihuwar ɗa ɗaya,
A keji kuwa indiri ba ya daɗewa.

Ɗanjuma:
Hajiya, amsa-amo ya kuɓuce miki a ƙarshe!

Hajiya Binta:
Ɗan nan, da na zo kan gatari waƙar ta ƙi.