Idan aka hana maganin share gona, yaya zan yi da tofa?

Manomin Saminaka: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Jiya na shiga kasuwa sayen iri, mai shagon da nake hulɗa da shi ya ja ni gefe ya ce in ɗebi gilaifoset da yawa in ajiye, wai za a hana shigo da shi, kafin ruwa ya sauka kuɗinsa zai ninka. Ina nufin irin su Roundup da Force Up da muke share gona da su kafin shuka. Eka takwas nake nomawa, masara da waken suya, uku daga ciki tofa ta cinye su. Tun da na fara feshi ban ƙara ɗaukar 'yan ƙwadago don shara ba, yarana maza biyu kuma duk suna makaranta. In sayi kwali biyu in ɓoye ne, ko akwai yadda ake noma irin wannan gona ba da shi ba?

Malamin Gona: Wa alaikumus salam Alhaji. Mai shagonka ya cuɗanya zance biyu. Waɗanda hukumar NAFDAC ta yanka wa wa'adi su ne farakwat, daga 1 ga Janairun 2024, sai atirazin a farkon 2025. Gilaifoset ba ya cikinsu. Farakwat shi ne mai ƙone ganye a kwana ɗaya ko biyu ya bar saiwa da ranta, kuma kurɓi kaɗan na iya kashe mutum. Naka kuwa ta ganye yake shiga ya gangara har saiwa, shi ya sa sai an yi sati ko fiye kafin ka ga gona ta yi ja.

Amma maganar ba daga sama ta faɗo ba. A 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a jerin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo daji, a Amurka kuma kamfanin Bayer mai yin Roundup ya biya biliyoyin daloli kan ƙararrakin da aka kai shi. Duk da haka a ƙarshen 2023 Tarayyar Turai ta sabunta masa izini na shekara 10.

Baba na Funtuwa: Yaro, mu da muka yi noma kafin famfon feshi ya zo ba mu mutu da yunwa ba. Noman firi, maimai, huɗa, a kan kari, shi ke nan. Harƙiya da sauran ƙananan ciyayi ba sa tsayawa gaban garmar shanu. Tofa ce dai sai da haƙuri, don ƙarfinta a ƙarƙashin ƙasa yake. Bayan girbi, ƙasa ba ta gama ƙeƙashewa ba, ka sa shanu su birkice wurin, saiwar ta fito fara sol ta sha rana da iskar hunturu. Ka bi da manjagara ka tattara ka ƙone. Kada ka yi kuskuren datsa ta da danshin damina ka bar ta nan, kowane guntu sai ya tsiro, ka shuka ta da hannunka ke nan. Kada kuma ka cinna wa gonar wuta tana tsaye, tofa bayan wuta ta fi kowa saurin tashi.

Ɗan Bakori: Allah ya ƙara girma Baba, amma lokacinku akwai gayya, a dama fura a yi tuwo gari ya fito. Yanzu wa zai zo? Samari sun hau acaɓa, tun cire tallafin mai a 2023 kuma hayar tarakta ta fi ƙarfin talaka. Ƙasar Siri Lanka ta hana maganin nan a 2015, ciyawa ta rufe gonakin shayi, a 2018 suka sassauta wa masu shayi da roba, a 2022 suka janye haramcin gaba ɗaya. Hanawa ba wuya, wanda zai riƙe fartanyar ake nema.

Hajiya mai wake: Ni abin da ke damuna daban ne. Ƙanena feshi yake yi wa mutane. Da silifas yake shiga, ba safar hannu, famfon na yoyo a gadon bayansa rigar ta jiƙe sharkaf, in bakin ya toshe ya cire ya hura da bakinsa. Rannan na tarar da robar maganin a madafi an zuba man gyaɗa a ciki. Ko ba a hana ba, Alhaji, wanda zai yi maka feshi ka sai masa takalmin roba da abin rufe hanci. Gonata ƙarama ce, wake mai yaɗo da kabewa nake sawa tsakanin dawa, da sun rufe ƙasa ciyawa ta ragu sosai.

Malamin Gona: Abin da Hajiya ke yi shi ne maganin tofa na gaskiya, don ba ta jure inuwa. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta gwada wani wake mai yaɗo, mukuna, dangin ƙarara ne amma ba ya ƙaiƙayi, manoma a Jamhuriyar Benin sun karya tofa da shi. Illarsa ka ba shi damina guda ba ka girbi abin sayarwa ba. Ni da kai ne, eka ɗaya zan ware bana: birkicewar da Baba ya faɗa, sannan waken suya a matse layi. Sauran ka yi feshinka yadda ka saba, da ruwa mai tsabta, don laka na kashe ƙarfin maganin. Kwali biyu kuma ka bar wa mai shago kayansa. Lokacin rububi ne jabu ke cika kasuwa.

Manomin Saminaka: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na fasa kwalin, lita huɗu zan saya. Baba, birkicewar nan ta wuce ni bana tun da ƙasa ta riga ta yi tauri, sai bayan girbi in Allah ya kai mu. Malam, irin mukunar a cibiyar binciken noma ta Samaru ake samu, ko sai an aika Ibadan?