Kowa "lafiya lau" yake ce min, ya zan yi da binciken nan?

Ɗalibar_Bincike: Salam 'yan uwa. Ina furojet a kan lafiyar ƙwaƙwalwa da juriyar matasa, kuma yaran ba iri ɗaya ba ne, akwai 'yan gudun hijira akwai 'ya'yan masu hali akwai waɗanda ko aji ba su taɓa shiga ba. Na raba masu takardar tambayoyi ta PHQ-9 amma kusan kowa sifili yake cikewa, alhali da ka kalli yaro ka san akwai abin da ke cin sa. Mafita don Allah.

Tsohon_Hannu: Wa alaikis salam ƙanwata. PHQ-9 tambayoyi 9 ne kan alamomin ciwon damuwa a sati 2 da suka wuce, ba ruwanta da juriya sam. Kuma yaro ba zai ce wa baƙuwa yana baƙin ciki ba, sai dai ya ce kansa na ciwo ko bacci ya ƙi ko tunani ya masa yawa, wani ma gani yake in ya amsa za a ce yana da taɓin hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce 1 cikin 7 na 'yan shekara 10 zuwa 19 na fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, to sifilin nan kar ya ruɗe ki. Nemi CYRM, takardar tambayoyin auna juriyar yara da matasa ta wani mai bincike Michael Ungar, da matasan ƙasashe 11 aka haɗa ta.

Maman_Biyu: Ni dai abin da ke ban haushi, ana mai da juriya kamar halin da yaro ya zo da shi duniya. Wata mai bincike Emmy Werner ta bi yara 698 da aka haifa a tsibirin Kauai na Hawaii a Amurka a 1955 har suka manyanta, cikin waɗanda suka taso a wahala kusan kashi 1 cikin 3 sun zama mutane lafiya ƙalau, kuma yawanci za ka tarar akwai wani babba da ya riƙe su, kaka ko malami ko maƙwabci. Ki tambaye su wa suke samu in abu ya dame su.

Ɗalibar_Bincike: Na gode Yaya, na gode Anti. Waɗanda ba su iya karatu ba fa?

Tsohon_Hannu: Baki da baki za ki karanta masu, ɗaya bayan ɗaya, ba a gaban iyaye ko abokai ba. Ƙasa da 18 sai da izinin iyaye da yardar shi yaron. Sannan tambaya ta 9 ta PHQ-9 a kan tunanin kashe kai ce fa, kar ki fita fili sai kin san likitan da za ki tura wanda ya amsa eh.